Tambaya: me yasa ake korar mai jifa a besbol ko bai taɓa kowa ba, wani kuma ya fasa fuskar mutum a ƙyale shi?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum jama'ar zauren nan. Ni ban daɗe da fara bin besbol ba, bai fi shekara biyu ba, kuma galibi tsofaffin wasanni nake nema a YouTube ina kallo da dare, to akwai abin da ya tsaya min a rai na rasa wanda zan tambaya. Na ga wani wasa na 2016 tsakanin Mets da Dodgers, Noah Syndergaard na Mets ya jefo ƙwallo ta bi ta bayan Chase Utley na Dodgers, ko rigarsa bata taɓa ba, amma kafin kace kwabo alƙalin wasa ya nuna masa hanyar waje, babu gargaɗi babu komai, manajansu Terry Collins ya fito da gudu yana ta kumfar baki shima aka haɗa da shi. Na ce to shikenan, ashe haka dokar take da tsauri. Sai kuma na faɗa kan wani na 2014 inda Mike Fiers na Brewers ya samu Giancarlo Stanton na Marlins a fuska, mutum kwance cikin jini, ƙasusuwan fuska sun karye haƙora sun lalace, sai ɗaukarsa aka yi aka fita da shi, wallahi kasa ƙarasa kallo nayi a karon farko. Amma shi Fiers ba a kore shi ba, daga ɓangaren waɗanda aka ji wa ciwon ma aka yi ta kora.

Dan Allah masana ku warware min, wace irin doka ce wannan? Kuma dama can haka abin yake tun asali ko daga baya aka kawo ta?

Baba Mai Rediyo:

Wa alaikumus salam ɗana. Tambayarka ta yi, kuma duk wanda ya shigo wasan nan sai ya yi tuntuɓe da ita. Alƙalin wasa ba ciwon yake hukuntawa ba, niyya yake hukuntawa. In ƙwallo ta samu mai bugu, hakkinsa ɗaya ne, ya tafi bes na farko (tasha ta farko cikin waɗanda ake zagayawa a ci maki) kyauta, iyakarta kenan ko da ƙashi ne ya karye. Kora kuwa tana zuwa ne in alƙali ya gamsu a ransa cewa da gangan mai jifa ya nufi jikin mutum, to a nan doka ta bashi zaɓi, ko ya kori mai jifan nan take, ko ya kore shi tare da manajansa, ko kuma ya gargaɗi ɓangarorin biyu cewa duk wanda ya sake to shi da manajansa waje. Ko ta samu ko bata samu ba duk ɗaya ne.

To kaga na Syndergaard akwai labari a bayansa da kowa a filin ya sani. A wasannin neman kofi na ƙarshen kakar 2015 Utley ya sulalo da ƙarfi a bes na biyu ya karya ƙafar Ruben Tejada na Mets, tun daga nan kowa yake jiran ranar ramuwa. Sannan jifa ta bayan mutum ita ce alamar ganganci mafi girma a wurin alƙalai, saboda mai bugu in ya ga ƙwallo ta nufo shi baya yake ja, wanda ya jefa ta baya kuwa ya san can mutum zai gudu. Shi yasa alƙalin wasan Adam Hamari bai tsaya wani gargaɗi ba. Na Fiers kuwa ba wata tsohuwar gaba, ƙwallo ce ta kufce masa, su kuma Marlins da suka tashi ramawa bayan an yi gargaɗi suka samu Carlos Gomez na Brewers, sai doka ta hau kansu.

Batun ko haka yake tun asali, a'a. Ka nemi labarin Ray Chapman na Cleveland. Ranar 16 ga Agusta 1920 a filin Polo Grounds, Cleveland suna wasa da Yankees, Carl Mays na Yankees ne ke jifa, shi kuma irin masu jifa daga ƙasa-ƙasa ne, hannunsa kamar zai share ƙasa. A lokacin ƙwallo ɗaya ake ta amfani da ita har ta yi baƙi, a shafa mata ƙasa a tofa mata yawun taba, ga yamma ta yi, Chapman da alama ko ganinta bai yi ba don bai motsa ba. Ƙarar da ta yi a kansa ta sa Mays ya ɗauka sanda ta samu, ya ɗauki ƙwallon ya jefa bes na farko. Da asubahin washegari Chapman ya cika a asibiti yana ɗan shekara 29, kuma har yau shi kaɗai ne ɗan wasan babbar lig ta Amurka da jifa ta yi ajalinsa. Mays ba a kore shi ba, ci gaba ya yi da wasa a ranar, hukuma ta bincika ta ce tsautsayi ne. Abin da ya canza bayan nan shine aka matsa wa alƙalai su dinga sauya ƙwallo da zarar ta yi datti, aka kuma rufe ƙofar jifan yawu sai ga mutum 17 da aka bari su ƙarasa zamaninsu da shi. Amma hular kwano fa? Sai da aka yi shekaru talatin da wani abu. Mickey Cochrane na Detroit ya samu karaya a ƙoƙon kai a 1937 daga jifan Bump Hadley, wasansa ya ƙare a nan, duk da haka 'yan wasa suna ganin saka hula ragwanci ne. Sai 1971 ta zama dole sosai a duk babbar lig, mai rufe kunne kuma sai 1983 aka wajabta wa sababbin shiga.

Maman Biyu:

Baba Allah ya ƙara girma, bayaninka ya fito tas, amma ni wannan maganar ta niyya ita ce ma take ƙona min rai. Wa ya shiga zuciyar wani? Mai jifa in dai yana da wayo cewa zai yi ta kufce min, kuma babu mai iya ƙaryata shi. Ka duba Cole Hamels a 2012, ya samu Bryce Harper a gadon baya lokacin yaron yana shekara 19, ba a kore shi ba, sai da ya fito da bakinsa bayan wasa ya ce da gangan ya yi sannan aka dakatar da shi wasa biyar. Kenan da ya yi shiru da ya sha. Kuma wasa biyar ga mai jifan farko da dama sai bayan kwana biyar yake fitowa ai ba hukunci bane, kwana ɗaya kawai za a ɗaga masa.

Ni abin da ya sa na ɗauki zafi a kan wannan shine Tony Conigliaro. Yaro ɗan shekara 22 a Red Sox, ya riga ya buga hom ron (bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili a ci maki) ɗari, ana ganin zai kafa tarihi, ranar 18 ga Agusta 1967 a Fenway Park jifan Jack Hamilton na Angels ya same shi a kuncin hagu, hularsa kuma ba mai kunne bace. Ƙashin kunci ya karye, idon ya lalace, bai buga ko wasa ɗaya ba a 1968. Ya yi ƙoƙari ya dawo har ya buga hom ron 36 a 1970, amma ganin idon ya ci gaba da raguwa dole ya haƙura. Shi Hamilton har ya bar duniya yana cewa ba da niyya ya yi ba kuma na yarda da shi. To in wanda bai yi niyya ba zai iya jawo wannan, ina ga wanda ya tashi da niyyar wai zai samu haƙarƙari ne kawai? Ƙwallon nan nauyinta kusan giram 145, tana zuwa da gudun mil 95 a awa, sama da kilomita 150 kenan, daga nisan ƙafa 60 da inci 6, bata kai rabin daƙiƙa ba ta iso. Hannu ya ɗan zame kaɗan, abin da aka nufa da baya sai ya ƙare a kai.

Kuma dalilan ramuwar wasu ba dalilai bane wallahi. Jose Urena na Marlins a 2018 jifansa na farko a wasa ya maka wa Ronald Acuna a gwiwar hannu, laifin yaron kawai yana ta buga musu hom ron. Hunter Strickland ya riƙe Harper a zuciya tun 2014 saboda hom ron biyu, sai 2017 ya rama, shekara uku fa. Ni dai tsarin Japan ya fi kwanta min, can in jifa mai haɗari ya samu mutum a kai to mai jifan ya fita, ba a tsayawa binciken zuciyarsa.

Na Bayan Fage:

Hajiya ina tare dake a kan kai, babu mai hankalin da zai goyi bayan a nufi kan mutum, amma kar mu haɗa komai a buhu ɗaya. Jifa ta ciki kusa da jikin mai bugu ba zalunci bane, rabin sana'ar kenan. In mai jifa ya ji tsoron gefen ciki, mai bugu zai matso ya kwanta a kan faranti (alamar da ke gabansa wadda ƙwallo ke bi ta samanta) ya dinga kai wa duk ƙwallon waje hannu cikin kwanciyar hankali, shikenan an gama da mai jifa. Don Drysdale da Bob Gibson da Sal Maglie da ake masa laƙabi da wanzami saboda yadda ƙwallonsa ke wucewa ta gemun mutane, duk da wannan suka ci abinci. In kika ce duk wanda ƙwallonsa ta taɓa hula a kore shi, kin hukunta irin su Fiers da Hamilton da basu yi niyya ba, shi kuma mai mugun nufin da ya iya saiti ya samu cinya ya zauna lafiya.

Ni inda nake ganin dokar ta gaza shine wajen gargaɗin nan. Wanda ya fara duka ya ci bulus, da an gargaɗi ɓangare biyu sai ya zama wanda aka zalunta ne aka ɗaure wa hannu. Ku kalli wasan 29 ga Agusta 2000, Pedro Martinez na Red Sox ya samu Gerald Williams na Tampa Bay a hannu, mutum na farko a wasan, Williams ya yi kansa da gudu aka kaure. Daga nan Tampa suka yi ta neman ramawa ana ta korarsu ɗaya bayan ɗaya har mutum takwas, shi Pedro yana nan daram, ya fitar da mutum 13 da sitiraik (jifan da mai bugu ya kasa bugawa, uku ke fitar da shi), babu wanda ya samu bugu mai kyau a kansa sai a zagaye na tara, na ƙarshen wasa. Ko na 2013 da Ryan Dempster ya yi ta auna Alex Rodriguez har ya same shi, duk duniya ta gani, amma alƙali gargaɗi kawai ya yi, wanda aka kora Joe Girardi ne manajan wanda aka daka.

Sannan akwai abin da mutane ke mantawa, da can mai jifa shima sai ya ɗauki sanda ya tsaya a gaban ƙwallo, in ya yi ɓarna ya san layinsa na zuwa. Tunda American League suka kawo mai bugu na musamman a madadinsa a 1973, National League, ɗaya ɓangaren babbar lig, kuma a 2022, wannan tsoron ya tafi, sai dai abokin wasansa ya biya bashin da bai ci ba.

Mai Lissafi:

Bari in ɗan saka baki da lambobi. Mai jifan da ya fi kowa samun mutane a tarihi Gus Weyhing ne, 277, kuma tun ƙarni na 19. Walter Johnson yana da 205 duk da an san shi da tsoron kar ya ji wa wani ciwo, Randy Johnson 190, Nolan Ryan 158, Drysdale 154. Gibson da ake ta faɗar zafinsa 102 ne kawai a shekara 17, suna ne ya fi aikin yawa. A ɓangaren masu shan dukan, Hughie Jennings 287, Craig Biggio 285, Don Baylor 267, Ron Hunt kuwa a kaka ɗaya ta 1971 a Montreal sau 50 aka same shi. Mutum bazai sha duka hamsin a shekara ace duk tsautsayi bane, wasu dabara ce suka mayar da ita, su matso su ƙi kaucewa musamman da aka fara saka sulke a gwiwar hannu.

Shi yasa ɗan'uwa Sabon Shiga ka sani ba duk duka ke kai mutum bes na farko ba. In ya kai sanda to sitiraik ne ko da a jikinsa ta sauka, irin abin da ya faru da Stanton ɗin naka kenan, yana kwance aka ce ya kai bugu. In bai yi ƙoƙarin kaucewa ba ma alƙali na iya hana shi. Mafi shahara shine 31 ga Mayu 1968, Drysdale yana tsakiyar jerin wasannin da ba a ci shi ko ɗaya ba, zagaye na tara duk bes uku a cike ya samu Dick Dietz na Giants, da an bashi bes da maki ya shiga an karya jerin, sai alƙali Harry Wendelstedt ya ce Dietz bai kauce ba ya dawo. Dietz ya fita, Drysdale ya ci gaba har ya wuce zagaye 58.

In kuma kana son ganin yadda alƙalan zamanin baya suke zuba ido, nemi labarin Dock Ellis na Pirates ranar 1 ga Mayu 1974. Ya shigo da niyyar dukan duk ɗan Reds da ya tsaya gabansa, ya samu Pete Rose, ya samu Joe Morgan, ya samu Dan Driessen a jere, Tony Perez ya yi ta gocewa har ya samu tafiya kyauta, ya jefa biyu ta wajen kan Johnny Bench, kuma ba alƙali ne ya fitar da shi ba, manajansa Danny Murtaugh ne ya zo ya karɓi ƙwallon. Ka haɗa wannan da John Lackey a 2009 da aka kora bayan jifa biyu kacal ga Ian Kinsler, sai kaga nisan da aka yi.

Sabon Shiga:

Kai masha Allah, na gode ƙwarai Baba, Hajiya da sauran yayyena, yanzu na gane inda aka dosa duk da har yanzu zuciyata tana wajen Hajiya. Saura abu ɗaya. In an samu mutum ya fusata ya ruga wajen mai jifa aka yi dambe, wa ake kora a ciki? Don na ga wani bidiyo wani dattijo ya maƙale wuyan saurayi yana ta bashi a ka kuma kamar dattijon ya ci gaba da wasa.

Baba Mai Rediyo:

Nolan Ryan kenan da Robin Ventura, 4 ga Agusta 1993. Ryan yana da shekara 46 a kakarsa ta ƙarshe a Texas Rangers, Ventura na White Sox yana 26. Eh ɗana, Ventura aka kora tare da manajansa Gene Lamont, Ryan ya zauna. Ƙa'idar ita ce wanda ya bar wurinsa ya ruga tudun mai jifa shi ya tada faɗa, korarsa kusan tabbas ce, mai jifan kuma ana komawa kan waccan tambayar ce dai, da gangan ya yi jifan ko kuwa. In alƙali ya ce ba da gangan bane to ana ɗaukar dukan da ya kai a matsayin kare kai. Na Strickland da Harper da Hajiya ta ambata su biyun aka kora, daga baya ofishin lig ya ba Strickland wasa shida Harper huɗu aka rage masa zuwa uku.

In sanda ta shiga maganar kuwa abin ya wuce nan. Juan Marichal a 1965 ya rotsa wa John Roseboro sanda a ka, aka kore shi aka dakatar da shi aka ci shi tarar dala 1,750. Bert Campaneris a 1972 da ƙwallo ta same shi a idon sawu sai ya wurga wa Lerrin LaGrow sandar gaba ɗaya, aka kori su biyun. Amma ko a nan ba kullum ba, don Roger Clemens a wasa na biyu na World Series (wasannin ƙarshe na ɗaukar kofi) na 2000 ya ɗauki guntun karyayyiyar sanda ya jefa ta wajen Mike Piazza, mutumin da ya maka wa ƙwallo a ka watanni uku kafin nan, ba a kore shi ba, tarar dala 50,000 aka yanka masa daga baya. Ni har yau ina ganin da a wasan yau da kullum ne da an kore shi, girman ranar ne ya sa alƙalan suka yi nauyin hannu.

Hajiya ta ce ramuwar bata da dalili, wasu kam basu da shi, amma ki duba yadda su 'yan wasan suka ɗauke ta. CC Sabathia na Yankees a Satumban 2018 saura masa zagaye biyu ya cika sharaɗin da zai bashi ƙarin dala 500,000, sai Tampa suka jefa wa mai cafe masa ƙwallo Austin Romine ta bayan kai, aka yi gargaɗi. Ya san sarai abin da zai biyo baya, ya fito ya samu Jesus Sucre a ƙafa, aka kore shi nan take. Daga baya Yankees suka biya shi kuɗin duk da bai cika zagayen ba.